Ƙwallon Shekara Ɗaya Ba Ta Isa Shaida Ba

A Kebbe da Tambuwal da ƙauyukan da ke kewaye da su, da zarar wani yaro sabon shiga ya jefa ƙwallo biyar ko shida a raga cikin gasar makarantu, sai ka ji gari ya ɗauka. A sa masa sunan wani gwani na Turai, a ce wannan ya fi wancan, har waɗansu su fara ce masa ya tafi Sakkwato ko Kano ya gwada sa'arsa. Masu wannan magana kuwa ba yara kaɗai ba ne, har da malaman makaranta da akawuna, mutanen da aikinsu lissafi ne da ajiye rajista. Su mu ke so mu yi wa magana yau.

A ganinmu, yawan ƙwallon da sabon ɗan wasa ya ci a shekararsa ta fari shaida ce mai rauni ƙwarai. Mun san za a ce mana Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta, a kuma kawo mana misalin Ahmed Musa. To, mu duba misalin. Cikin gasar 2009 zuwa 2010 Musa, yana ɗan shekara 17, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya wuce 17 ɗin da Ishaya Jatau ya ci tun 1990. Daga nan ya tafi Holan, sa'an nan Rasha da Ingila, ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Aisilan biyu a ta 2018. Lalle wannan Laraba ta faɗi gaskiya. Amma cikin 2011 Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20, cikin 2014 Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23, cikin 2018 kuma Junior Lokosa ya ci wa Pillars ɗin nan 19. Dukansu sun fi Musa a lissafin shekara ɗaya, kuma dukansu gwanaye ne, ba mu raina su ba. Duk da haka ba wanda ya kai inda ya kai. Da lissafi kaɗai a ke bi, da Musa ne na huɗu a cikinsu.

Mutanen Amurka suna da wani irin wasan ƙwallo nasu wanda a kan rungume ƙwallon a ƙirji a yi ta gudu da ita, abokan gaba suna ƙoƙarin kā da mutum ƙasa, in ya ƙetare layin ƙarshe na fili mai yadi 100 an ci maki 6. Wasan bai shafe mu ba, amma yadda su ke auna sababbin masu gudu da ƙwallo abin koyi ne. Kowace shekara kulob-kulob su kan zaɓi samari daga jami'o'i, masana kuwa su zauna su yi ta gardama a kan wanda zai fi cin maki. Abin da mu ka lura shi ne, gardamar ba ta tsayawa a kan saurin yaro. Su kan tambaya, sau nawa za a danƙa masa ƙwallo? In an zo dab da layin ƙarshe, shi za a ba ko wani tsohon hannu? Ƙartin nan biyar da ke gabansa suna buɗe masa hanya, masu ƙarfi ne ko ragwaye?

Ga misali da ɗan ƙasarmu. Christian Okoye mutumin Inugu ne, mai jifan faifai ne tun asali, bai taɓa wannan wasa ba sai da ya je karatu Amurka. Kulob ɗin Kansas City ya ɗauke shi cikin 1987. A shekarar an ba shi ƙwallo sau 157, ya ƙetare layi sau 3 tak. Wanda ya duba 3 ɗin nan zai ce an yi asarar kuɗi. Cikin 1989 aka ba shi sau 370, ya yi yadi 1,480, ya fi kowa a ƙasar, ya ƙetare layi sau 12. Mutumin ɗaya ne, ƙafafun su ne dai. Abin da ya sake shi ne yawan damar da aka ba shi, da sabon da ya yi da wasan. Gale Sayers na Shikago kuma ya ci 22 tun shekararsa ta fari, 1965, amma gwiwa ta same shi cikin 1968, ya bar wasa bayan 1971. Lissafin shekarar fari bai iya faɗar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Haka abin ya ke a filin firamare na Kebbe. Yaron da ya ci shida, wa ke miƙo masa ƙwallon? Nawa daga ciki bugun daga kai sai mai tsaron gida ne? Nawa ya zubar kafin ya ci ɗaya? Waɗanne makarantu ya ci, masu ƙarfi ko waɗanda ko mai tsaron gida na kirki ba su da shi? Sau da yawa yaron da ya ci biyu a ƙungiya mai rauni ya fi wanda ya ci bakwai a ƙungiyar da kome sai a kawo masa bakin raga. (Akwai kuma zancen shekaru, gama ɗan goma sha takwas a cikin 'yan goma sha huɗu dole ya zama zaki, amma wannan magana ce ta wata rana.)

Abin da ya sa mu ka damu shi ne, yabon nan yana da tsada. Yaro ya kan ji shi ya bar aji, ubansa ya sayar da akuya ko buhun gero a yi masa kuɗin mota, ya je birni ya tarar da ɗaruruwa irinsa, kowa gwanin garinsu. In bai dace ba ya komo gida ba ƙwallo ba takardar shaida. Wanda aka ce masa bai iya ba kuwa don ya ci biyu, sai ya yar da takalmansa.

Saboda haka muna roƙon malaman wasanni na Kebbe da Tambuwal su buɗe littafi, kamar rajistar aji. A rubuta wasa nawa yaro ya yi, sau nawa ya buga, nawa ya shiga, wa ya ba shi, da wace makaranta aka kara. A ajiye wannan shekara biyu aƙalla, yaron yana cikin aji, kafin wani malami ya sa hannu a takardar da za ta kai shi filin Giginya a gwada shi.