Zinariyar da ke cikin gwajin maleriya

Ruwan madatsar Tiga ya kawo wa manoman Kura, Bunkure da Kadawa shinkafa da tumatir a rani, ya kuma kawo sauron da ba ya jiran damina. Shi ya sa a wannan yanki duk zazzaɓi sai a ce maleriya ce, a wuce kemis a sayi magani ba tare da gwaji ba.

Alhali ɗan abin gwajin nan da ake ɗiga wa jinin yatsa, a jira minti 15 zuwa 20, yana cikin mafi amfanin abin da binciken ƙwayoyin nano ya haifar. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai kusan nanomita 80,000. Idan aka mayar da zinariya ƙwayoyi masu girman nanomita 40, sai ta bar launinta ta koma ja, domin yadda take shan haske ya canza. Michael Faraday na Ingila ya yi rubutu a kan haka tun 1857. A yawancin kayan gwajin, an manna wa waɗannan ƙwayoyi sinadarin da ke kama furotin ɗin ƙwayar maleriya. In yana cikin jinin, sai su taru wuri guda, layi ya fito.

Har rigakafin maleriya na R21, da Najeriya ta fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, da irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi aka haɗa shi.

Sai dai kalmar nano ta zama abin talla. A Agustan 2014, lokacin Ebola, an ambaci wani Nano Silver a matsayin maganin da za a gwada a Legas, kafin a janye shi saboda bai cika sharuɗɗan bincike ba. Ruwan azurfa ba ya maganin maleriya, kuma yawan shansa kan mayar da fata toka-toka, launin da ba ya gogewa. A ganinmu, kuɗin kwalbarsa gara a kashe su kan gwaji.

Layi biyu na nufin akwai maleriya. In layin tabbatarwa kaɗai ya fito, a bar ma'aikacin lafiya ya nemi wani dalilin zazzaɓin. Wanda ya sha magani kwanan nan ya faɗa, domin furotin ɗin kan yi makonni a jini bayan an warke.