Musun Kisan Yahudawa Ba Taimakon Falasɗinawa Ba Ne



Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoban 2023, wasu saƙonni ke yawo a wayoyin yayyenmu, daga Ƙaraye har Rogo. Wasu na yabon Hitler, wasu kuma na cewa kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a Turai ƙage ne. Mu 'yan Ƙungiyar Jarida muna jin zafin halin da Falasɗinawa ke ciki kamar kowa. Duk da haka muna ganin wannan musu kuskure ne babba, ga kuma dalilanmu.

Na farko, hujjoji sun tabbata. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Nazi ta Jamus ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. A sansanin Auschwitz kaɗai, a ƙasar Poland, an kashe mutum fiye da miliyan 1, akasarinsu Yahudawa. Shugaban sansanin, Rudolf Höss, ya faɗi hakan da bakinsa a gaban kotun Nuremberg a 1946. A shekarar 2000, kotu a Landan ta saurari ƙarar da marubuci David Irving ya kai malamar tarihi Deborah Lipstadt don ta kira shi mai musun kisan. Alƙali ya duba littattafansa, ya samu cewa da gangan yake murɗe tarihi, ya kori ƙarar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu, Hitler bai ɗauki baƙar fata a bakin komai ba. A 1937 gwamnatinsa ta yi wa ɗaruruwan yara tiyatar hana haihuwa da ƙarfi, saboda iyayensu maza sojojin Afirka ne. Kakanninmu sun zubar da jini a Bama suna yaƙar Japan, ƙawar Hitler. Musulmin Albaniya kuwa ɓoye Yahudawa suka yi a gidajensu. Wa ya fi cancanta mu yi koyi da shi?

Na uku, salon masu musu ɗaya ne a ko'ina: a rage adadin gawa, a ƙaryata shaidu, a ɗora wa mamaci laifi. A watan Yulin 1995 an kashe Musulmi maza fiye da 8,000 a Srebrenica ta ƙasar Bosniya, kuma har yau akwai masu musun hakan da wannan salo. Wanda ya yarda a shafe mamatan wasu, ya buɗe ƙofar shafe nasa. Mu duba gida ma. Mu nawa muka san cewa a 1906 sojojin Turawa sun hallaka mutum kimanin 2,000 a Satiru, kusa da Sakkwato? Mu nawa aka taɓa zaunar da mu aka ba mu labarin kisan 'yan ƙabilar Ibo a Kano a 1966?

A Islamiyya an koya mana cewa ba a karɓar hadisi sai an binciki isnadinsa. Mu yi wa saƙon waya haka: wa ya faɗa, a ina ya samo? In babu amsa, kada mu tura.

Muna roƙon malamanmu na tarihi su ware darasi ɗaya a ranar 27 ga Janairu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don tunawa da wannan kisa, su haɗa mana da Srebrenica da Satiru da 1966. Mai kare wanda aka zalunta a yau ba ya buƙatar ƙaryata wanda aka zalunta jiya.