Me Ya Hana Mu Cewa Taɓe-taɓe?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan boko, wai Hausa ba ta da kalmomin da za a koyar da ilimin kwamfuta da su. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun gaji da jin ta. Abin haushin ma shi ne, masu faɗar ta ba su taɓa tsayawa sun ƙare wa kalmomin Turancin da suke tinƙaho da su kallo ba. Da sun duba, da sun ga da yawansu a bakin titi aka tsinto su, ko ƙurar ba a karkaɗe musu ba.

Ga misali guda, kalmar twiddle. Tun ƙarni na 16 Turawan Ingila ke amfani da ita, kuma ma'anarta wasa da abu da yatsu ba gaira ba dalili: murza zobe, jujjuya biro, jan gemu. Idan suka ce wane yana twiddle da manyan yatsunsa, nufinsu zaman kashe wando yake yi, ya sarƙe hannuwa yana juya yatsu don ba shi da abin yi. Kalmar malalata ce. Irin abin da malamin makarantar allo zai tsula wa yaro bulala a kai ne.

To wannan kalmar ta banza ita masu kwamfuta suka ɗauka suka ɗora wa aiki mai nauyi. Duk abin da ke cikin wayarka, mai karatu, hoto ne ko murya ko wannan rubutun, an gina shi ne da 'yan ƙananan makunnai da ake kira bit. Kowanne ko yana kunne ko yana kashe, wato 1 ko 0. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, babban harafin A lambarsa 65, ƙaramin a kuma 97. A harshen makunnai, na farkon 01000001 ne, na biyun 01100001. Duba da kyau: makunni ɗaya tak ya raba su, wanda darajarsa 32. Taɓa shi kawai, babban harafi ya koma ƙarami. Wannan dabarar ta kunna bit ɗaya, a kashe wani, a gusar da sauran hagu ko dama, ita suke kira bit twiddling. Da ita ake matse bayanai, da ita ake ɓoye sirrin saƙo, da ita ake sa manhaja ta yi sauri a ƙaramar waya. Ita ma alamar nan ~ mai kama da tsutsa, lamba 126 a ASCII, wasu masu sana'ar twiddle suke ce mata, kuma a yaren C aikinta juya kowane bit, 1 ya koma 0, 0 ya koma 1.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 1965 James Cooley da John Tukey suka wallafa wata hanya mai sauri ta warware igiyar sauti ko ta rediyo zuwa sassanta, wadda ake taƙaitawa da FFT. A cikin lissafin akwai wasu lambobi da ake ninkawa da su a kowane mataki. Bayan shekara ɗaya, masana biyu, Gentleman da Sande, suka raɗa wa lambobin suna twiddle factor, kuma sunan ya bi su har yau a littattafan jami'a. Sadarwar 4G da wannan lissafin take aiki. Ke nan duk wayar da ta kama 4G a Bodinga ko a bakin titin Shagari, cikinta lissafi ake yi ba dare ba rana da lambobin da sunansu, in za a faɗe shi tsakani da Allah, lambobin taɓe-taɓe ne. Ba wanda ya kira taro. Ba wanda ya ce kalmar ta yi arha da yawa ga farfesa.

Yanzu a dawo gida. Tsohon kundin nan na karin maganar masu kwamfuta, Jargon File, wanda aka soma tarawa a Jami'ar Stanford a 1975, ya bambanta kalmomi uku: frob, da twiddle, da tweak. Mu fassara bambancin da rediyo. Yaron da ke murɗa makunnin rediyo don kawai murɗawar na masa daɗi, na farkon yake yi. Wanda ke murɗawa yana laluben inda Rediyon Rima take, na biyun. Wanda ya riga ya kama tashar yana ɗan gyara don shuuu ɗin ya ɗauke, na ukun. Turanci sai da ya nemo kalmomi uku. Mu kuwa nahawunmu kaɗai ya gama aikin: taɓe-taɓe, tattaɓawa, ɗan taɓawa. Haka latsa, lallatsa, latse-latse. Haka murɗa, murmurɗa, murɗe-murɗe. In an je ga wanda ya taɓa har ya ɓata, muna da jagwalgwalo, kuma duk wanda ya taɓa karɓar manhajar da wani ya rubuta cikin gaggawa ya san babu kalmar Turancin da ta kai wannan faɗin gaskiya.

Saboda haka matsalar ba ta harshe ba ce, ta kunya ce. Idan aka zo sanya wa abin kimiyya suna a Hausa, sai mu ga dole sai an yi masa rawani da alkyabba. A haɗo kalmomi huɗu ko biyar, a yayyafa Larabci, a fito da abin da ko mai karanta labarai sai ya ja numfashi kafin ya kai ƙarshensa. Na'ura mai ƙwaƙwalwa suna ne mai kyau a takarda, amma je ka kasuwa ka ji, kwamfuta kowa ke cewa. Kalmomin da suka rayu su ne waɗanda aka ɗauko daga abin da hannu ya saba da shi. Linzami daga bakin doki ya fito, kuma ya fi ɓeran Turawa ma'ana nesa ba kusa ba, don linzami juya abu yake yi, ɓera kuwa ɓarna. Yanar gizo daga kusurwar ɗaki ta fito. Kutse daga gidan biki. Ɗorawa da saukewa daga tashar mota. Ka zauna rabin yini a rumfar mai gyaran waya a Bodinga, za ka ji waya ta sume, waya ta yi nauyi, waya ta ɗauke, a goge ta, a zuba mata. Ƙamus ne sukutum ake rubutawa da baki, masu digiri na wucewa ta gabansa suna cewa Hausa ba ta da kalmomi.

Kuma wannan yankin bai kamata ya zama inda za a koya wa mutane wannan darasin ba. A Sifawa, cikin Ƙaramar Hukumar Bodinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, shi da mutanen gidansa kuwa ba su tsaya ga Larabci kaɗai ba, sun isar da ilimi ga talakawa da Fulatanci da Hausa. Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne da ya koyar da kimiyya, kuma da Hausa ya tsara Waƙar Nijeriya don mutane su san ƙasarsu. Jikokin waɗannan mutane ne yau ake gaya wa sai sun haddace ma'anar kwamfuta da Turanci, su zuba ta a takardar jarrabawa, ba tare da sun taɓa buɗe cikin ko ɗaya ba.

Za a ce mana, ai latse-latsen nan shi ya lalata yara. Mun ji, kuma akwai gaskiya a ciki. Wanda ya kwana yana jan bidiyon TikTok da babban yatsa, twiddle ɗin malalata yake yi, irin na asali, kuma an ƙera manhajar ne musamman don kada yatsan ya huta. Amma akwai wani yaron, ko wata yarinyar, da ke shiga saitin waya lungu-lungu, ya canja wannan ya ga me zai faru, ya lalata, ya gyara, ya sake lalatawa. Daga nesa su biyun kamarsu ɗaya, kai a sunkuye, yatsa na motsi. Iyaye da malamai sukan haɗa su su yi musu hukunci ɗaya, a ƙwace wayar, a ce taɓe-taɓe ya yi yawa. Na biyun nan kuwa shi ne mu a shekarun baya. Babu ɗaya daga cikinmu da ya koyi sana'ar nan ba ta hanyar ɓata abu ba. Digirin daga baya ya zo ya sanya wa abin da muka riga muka lalubo suna.

Ga dalilin da ya sa ba mu ɗauki maganar da wasa ba. Dabarar nan ta 32 da muka nuna a sama, ta Turanci ce kawai. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin ASCII, amma a tsarin Unicode da ya fito a 1991 sun sami gurbi, kuma a warwatse. Ƙ lambarsa 408, ƙ kuma 409, tazara ɗaya. Ɗ yana 394, ɗ yana can 599, tazarar 205. Ɓ yana 385, ɓ yana 595, tazarar 210. Duk manhajar da aka rubuta da zaton haruffan duniya daga a suke farawa su ƙare a z, idan ka ce ta mayar da ɗaki manyan haruffa, ɗAKI za ta ba ka. Idan ka nemi ɗahiru ba za ta gane Ɗahiru ba. Har yau muna cin karo da fom a intanet da ke ƙin karɓar suna saboda lanƙwasa ɗaya, ya ce wai an sa alamar da ba ta halatta ba. Maganin wannan sananne ne, yarukan manhaja na zamani suna ɗauke da jadawalin Unicode, layi biyu ko uku ne gyaran. Sai dai wanda ba ya jin bambancin kasa da ƙasa, ko baki da baƙi, ko fada da faɗa, ba zai ma san akwai abin gyarawa ba.

Haka saƙon tes. Saƙo ɗaya na ɗaukar haruffa 160 idan duk suna cikin jerin GSM. Ka saka ƙ guda ɗaya, wayar ta koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, saƙon da zai tafi sau ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuɗin ma haka. Wato akwai lokacin da rubuta Hausa daidai tara ake biya a kansa. Sai ga shi ana zagin matasa wai sun watsar da ƙa'idar rubutu, alhali wani ne a wata ƙasa ya yanke yawan bit ɗin da harafi zai ci, kuma ba mu cikin lissafinsa. Ba mugunta ya yi ba. Harshensa ya auna, ya ɗinka rigar daidai wuyansa. Wanda zai buɗe ɗinkin ya ƙara ƙyalle sai mai wuyan da rigar ta shaƙe, kuma irin wannan mutum ba ya fitowa daga ajin da aka hana taɓawa.

Don haka buƙatarmu ga malaman sakandare na Bodinga da Shagari, da masu shirye-shiryen rediyo, da masu fassara manhajoji, ba mai tsada ba ce. Ku daina jiran wani kwamiti ya aiko muku da kalma. In yara sun ce jagwalgwalo, ku rubuta jagwalgwalo a allo. In mai gyaran waya yana da sunan da yake kiran abu, ku tambaye shi, ku biya shi kuɗin shayi. Rashin wutar lantarki ma ba hujja ba ce a darasin farko. A samo marafen kwalba takwas a jera a kan benci, na kife 0, na buɗe 1, a ba su daraja daga dama: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128. A ce yaro ya jera 65, sannan ya taɓa marfi ɗaya ya mayar da shi 97. In ya iya, a ba shi ɗ, lamba 599, a ja gefe a yi shiru har ya gano da kansa cewa marafe takwas a 255 suke tsayawa, sai ya tashi ya nemo ƙarin biyu.