Gilashin Toyosu ba shi da laifi

Duk wanda ya je Tokyo da niyyar ganin gwanjon kifi, sai ya haƙura da barcin asuba. Wajen ƙarfe 5:30 ake kaɗa ƙararrawa a kasuwar Toyosu, kuma kafin rana ta ɗaga an tashi. Da yake jiragen ƙasa ba su fara zirga-zirga sosai ba a lokacin, baƙi da yawa tasi suke hawa, wasu kuma su kwana a kusa.

Abin kallon ya cancanci wahalar. Ga kifayen tuna nan jere a daɓe, wasu ƙanƙara ta mai da su fari fat, kowanne an datse masa wutsiya. Mai saye zai zo da dogon takalmin roba, tocila a hannu ɗaya, ƙugiya a ɗayan. Ya durƙusa, ya haska wurin yankan, ya ƙwaƙulo 'yar tsoka ya murza a yatsu don ya ji yawan kitse, sannan ya rubuta wani abu a takarda ya yi gaba, bai ce wa kowa uffan ba. Da an fara gwanjo kuwa, da yatsu ake tayi. Mai shela yana rera farashi, hannaye suna tashi, cikin 'yan daƙiƙoƙi kifi ya zama na wani. Wanda ya saba da cinikin kara, inda dillali zai ja mai saye gefe a yi ta "albarka" har azahar, zai riƙe baki.

Sai dai baƙo ta bayan gilashi yake kallo daga bene, in ban da 'yan kaɗan da ƙuri'a ta faɗa musu, waɗanda ake bari su sauko kusa. Wannan ne ke ɓata wa masu yawon buɗe ido rai. Suna cewa tun da aka baro tsohuwar kasuwar Tsukiji, wadda aka buɗe a 1935, aka koma Toyosu a watan Oktoban 2018, armashin ya tafi.

Sun manta da abin da ya jawo hakan. A Tsukiji baƙi sun riƙa taɓa kifi, suna tare hanyar motocin dako, suna haska fitilar kyamara a idon mai shela daidai lokacin da yake ƙirga yatsu. Abin ya ishi 'yan kasuwa, har a ƙarshen 2008 aka hana baƙi shiga na ɗan lokaci, daga baya aka ƙayyade mutum 120 a rana. Kuma dukiyar da ke kwance a daɓen nan ta wuce wasa. A gwanjon sabuwar shekara na 2019, Kiyoshi Kimura, mai gidajen abinci na Sushi Zanmai, ya biya yen miliyan 333.6 kan tuna guda mai kilo 278. Gaskiya wannan farashin talla ne, ba na kullum ba, amma ko kifin ranar Talata jarin wani ne, kuma ɗanye za a ci shi. Zufar hannun baƙo ba ta da gurbi a kansa.

Mai neman cunkoso da ƙamshin gashi, kasuwar wajen Tsukiji ba ta tashi ba. Shagunanta na nan, kuma da yawa daga cikinsu daga Toyosu suke sarin kifi.