Aljihun Uwargida: Harajin da Ake Cire Miki a Albashi, Daidai Ne Kuwa?

Yau maganar albashi za mu yi. Ko ke malamar firamare ce a Kafin Hausa, ko ma'aikaciyar asibiti a Bulangu, ko kina aiki a Jami'ar Sule Lamido, ko a wata ma'aikata a Dutse, kin san yadda ƙarshen wata yake. Waya ta yi ƙara, ki duba alat, ki yi hamdala, nan take lissafin cefane da kuɗin makarantar yara ya fara. Amma alat ragowa kawai yake nuna miki. Abin da aka cire kafin kuɗin ya iso hannunki yana cikin takardar albashi, kuma da yawa daga cikinmu sai su shekara ba su nemi tasu ba.

A jikin takardar akwai layin da aka rubuta PAYE ko Tax. Harajin albashi ke nan, wanda wurin aikinki yake cirewa kowane wata ya miƙa wa hukumar haraji ta jihar da kike zaune. Ga mazauna Jigawa, Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jiha ce, mai hedikwata a Dutse. Mutum ne yake shigar da bayananki cikin kwamfuta, kuma ɗan Adam ajizi ne. Idan aka yi kuskure sau ɗaya, kwamfuta za ta yi ta maimaita shi kowane wata har sai wani ya yi magana. Wannan wanin kuwa ke ce, don babu wanda zai kula da albashinki kamar ke.

Me ya sa yanzu?

Saboda dokar haraji ta sauya. A ranar 26 ga Yuni, 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, suka fara aiki daga 1 ga Janairu, 2026. Lokacin sauya tsari shi ne lokacin da kuskure ya fi saurin shigowa. Ga abin da ya shafe ki a taƙaice.

Naira 800,000 na farko na abin da kike samu a shekara, babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye, ana cire kashi 15 cikin 100. Naira miliyan 9 da ke bayansu, kashi 18. Haka yake hawa har kashi 25 ga masu samun sama da miliyan 50. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 a wata ko ƙasa da haka, an ɗauke mata harajin albashi gaba ɗaya.

Kafin a yi wannan lissafi kuma, sai an fara ware wasu kuɗaɗe da haraji ba ya hawa kansu: abin da kike zubawa na fansho, da na inshorar lafiya, da na asusun gidaje na ƙasa idan kina ciki. Sabuwar dokar ta ƙara da rangwamen haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da kike biya a shekara, matuƙar rangwamen bai wuce naira 500,000 ba. Sai dai wannan ba ya zuwa da kansa, sai kin bayyana kina haya kin kawo shaida.

Ɗauko biro mu gwada

A ce albashinki kafin a cire komai naira 100,000 ne a wata. A shekara miliyan 1.2 ke nan. Don sauƙin lissafi, mu ce ana cire kashi 8 cikin 100 na fansho a kan dukkansa, wato 96,000. Saura 1,104,000. Ki cire 800,000 da babu haraji a kansu, saura 304,000. Kashi 15 na wannan shi ne 45,600 a shekara. Ki raba gida 12, kin sami naira 3,800 a wata.

Idan kina biyan hayar naira 150,000 a shekara, kuma kin kai rasit da sunanki, za a rage miki 30,000 daga kuɗin da haraji yake hawa, harajin ya sauko zuwa naira 3,425 a wata.

To, idan aka manta ba a fara ware fansho ba fa? Za a cire miki 5,000. Idan kuma da tsohon tsarin lissafi aka ci gaba da yi miki, zai kai wajen 5,540. Bambancin 5,540 da 3,800 naira 1,740 ne. Wata za ta ce ai bai taka kara ya karya ba. Ki ninka shi sau 12, ya haura naira dubu 20. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan kuɗin littattafan yara ne, ko maganin zazzaɓi a damina, kuma guminki ne.

Ki tuna misali na ba ki. Naki lissafin zai ɗan bambanta, tun da alawus-alawus da abin da ake cirewa sun danganta da wurin aiki. Ɗan bambanci ba abin damuwa ba ne. Tazara mai faɗi ita ce ke buƙatar tambaya.

Inda kuskure ya fi ɓuya

Ki fara da saman takardar. Sunanki daidai yake da na katin NIN da na banki? Mata da yawa suna da suna biyu a takardu, ɗaya da sunan mahaifi, ɗaya da na miji, kuma wannan kaɗai yana iya sa bayanai su ƙi haɗuwa. Ki duba lambar ma'aikaci, da lebul da sitef ɗinki. Idan an yi miki ƙarin girma amma takarda tana nuna tsohon mataki, ko akasin haka, duk lissafin da ke ƙasa ya karkace.

Sai lambar haraji. A sabon tsari, lambar NIN ce tushen lambar harajin kowane mutum. Idan aka shigar da lambar wata a madadin taki, za a cire kuɗi daga albashinki amma a rubuta shi da sunan wani. Ba za ki gane ba sai ranar da kika je neman takardar shaidar biyan haraji, don neman fili, ko bashi, ko kwangila, a ce ba a ga sunanki ba.

Akwai kuma batun jiha. Harajin albashi na jihar da kike zaune ne. Idan an yi miki canjin wurin aiki daga Kano ko Bauchi kika dawo Jigawa da zama, musamman a aikin tarayya ko na kamfani, ki tabbata an sauya jihar a cikin bayananki.

Idan kuma kika ga abin da ake cirewa ya yi ƙasa sosai da yadda ya kamata, kada ki yi shiru kina murna. Bashi ne yake taruwa, kuma ranar da aka gano, ana iya neman sa a dunƙule.

Idan kin ga ba daidai ba

Da farko ki tattara takardun albashi na aƙalla wata uku, har da na Disamba 2025 idan kina da shi, don a ga yadda abin yake kafin sauyi da bayansa. Ki haɗa da takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da katin NIN, da rasit ɗin haya. Ki yi kwafinsu, na asali su zauna a gida.

Sannan ki fara da wurin aikinki, domin su ne suke cirewa. Malamar firamare ta je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, wanda yake da hanya zuwa SUBEB a Dutse. Ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ta ga mai kula da albashi a sakatariya. Ta jami'a ta je ofishin basa. Ta makaranta ko asibiti mai zaman kansa ta ga akanta. Ki je da sallama da fara'a, ba da faɗa ba. Ki ce, "Malam, don Allah a nuna mini yadda aka lissafa harajina." Haƙƙinki ne ki sani.

Kada ki tsaya a maganar baki. Ki rubuta gajeriyar wasiƙa: sunanki, lambar ma'aikaci, watannin da abin ya shafa, abin da aka cire, da abin da lissafinki ya ba ki. Ki roƙi abu biyu, a gyara na gaba, kuma a duba na baya. Ki sa a buga hatimi da kwanan wata a kwafinki. Wannan kwafin shi ne shaidarki idan aka sauya ma'aikaci ko fayil ya ɓata.

Idan albashi biyu suka wuce babu gyara, ki kai takardun ofishin hukumar haraji ta jiha, ki nemi a duba abin da aka biya da sunanki. Doka ta yarda a mayar wa mutum rarar harajin da ya biya, ko a rage masa daga na gaba, bayan an tantance. Wakilin ƙungiyarku, NUT ko NULGE ko ta ma'aikatan lafiya, zai iya raka ki, kuma sau da yawa sai a tarar ba ke kaɗai abin ya shafa ba.

Gargaɗi ɗaya: gyaran kuskuren haraji ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya kira ki a waya ya ce ki tura masa lambar sirri ta kati, ko lambar da banki ya aiko miki, wai zai dawo miki da kuɗin haraji, ɗan damfara ne. Ki kashe wayar.

Idan maigida ne mai albashin

Ba kowane namiji ne yake son a leƙa takardar albashinsa ba, kin fi ni sani. Ba sai kin ce ya nuna miki ba. Ki tura masa wannan lissafi, ki ce ya gwada da nasa. Abin da aka ceto daga kuskure tukunyarki zai dawo.

Ki gaya mana a wurin sharhi ko kin duba taki, da abin da kika tarar. Amma don Allah kada ki saka hoton takardar albashinki ko lambar NIN a nan, adadin kawai ya isa. Allah Ya sa albarka a abin da muke samu. Sai mako mai zuwa.