MATA TA BAR SHAN ƘWAYA, AL'ADA TA RIKICE: INA AIKIN MIJI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Akwai matsalar da ke cin gidajen 'yan uwa matasa a ɓoye, kunya ta hana a yi zancenta. Mace ta daina shan ƙwayar hana ɗaukar ciki, sai al'adarta ta rikice: ta ɗauke, ko ta zo sau biyu a wata, ko ta yi yawa. Wata ga ciwon mara, ga ƙuraje a fuska, ga saurin fushi. Nan da nan sai miji ya yanke hukunci. Wani ya ce mahaifa ta lalace, wani ya ce sammu ne, wani har ya fara ambaton saki. Wannan zalunci ne da jahilci ya haifa.

Ƙwayar nan tana ɗauke ne da sinadaran da ke hana kwan mace fita. Jinin da take gani a kwana 7 na hutun ƙwaya yana zuwa ne don an janye sinadarin. Idan ta daina sha, jiki na bukatar lokaci kafin ya koma kan tsarinsa. Galibin mata al'adarsu na dawowa cikin 'yan makonni zuwa wata 3. Kimanin mata 8 cikin 10 masu neman haihuwa suna samun ciki cikin shekara guda, kamar waɗanda ba su taɓa sha ba. Allurar wata uku ce ke jan lokaci, har a kai shekara.

Sau da yawa ma ciwon ya riga ƙwayar zuwa, ita kawai ta lulluɓe shi. Matsalar kwan mace, ciwon maƙoƙo, rama mai tsanani da yawan damuwa duk suna rikita al'ada. Shayarwa ma tana ɗauke ta.

To ina aikin miji? Na farko, lissafi. Ya taimaka mata ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Tazarar kwana 21 zuwa 35 lafiya ce. Na biyu, idan al'ada ta makara a fara da gwajin ciki, domin mace na iya ɗauka tun kafin ta ga jinin farko. Idan wata 3 suka cika babu jini babu ciki, sai asibiti. Na uku, ya san alamun da ba a kwana da su a gida: jinin da ke jiƙe ƙunzugu duk awa, ko jiri da suma, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara bayan ɓatan wata. Wannan na ƙarshe yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana kisa. Sayo mata maganin "wankin mahaifa" a kemis ko a tasha ganganci ne da rayuwarta.

Sannan ga ibada. Mace nawa ce ta bar sallah wata guda cur tana zaton haila take yi? A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15. Mai al'ada sananniya tana ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, matuƙar ba ta haura 15 ba. Abin da ya biyo baya jinin ciwo ne: ta yi wanka, ta yi sallah, ta yi azumi. Wannan yana cikin Ahalari da aka karanta tun ana yara. Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ta kai irin wannan tambaya gaban Manzon Allah (SAW), bai kyare ta ba, ya ba ta amsa. Ɗan uwan da ke zuwa karatu kullum amma matarsa ba ta san hukuncin jininta ba, lallai akwai tambaya a kansa.

Idan kuma shekara ta cika ana neman haihuwa ba a samu ba, su je gwaji su biyu, domin matsalar kan fito daga namiji ma. Ita amana ce a hannunsa, kuma kuɗin asibitinta ba alfarma ba ce yake yi mata.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa a dace. Amin.