SHARHI: Doka ta hana, haraji ya ƙaru, amma wa zai taimaki mai son daina taba?

Tun shekarar 2015 Najeriya ke da dokar taƙaita shan taba. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana busa hayaƙi a wuraren taruwar jama'a. Duk waɗannan matakai ne na hani. Wanda tabar ta riga ta kama, yake neman hanyar rabuwa da ita, shi ne aka bari a baya.

Mutanen nan ba kaɗan ba ne. Binciken da aka gudanar a faɗin ƙasar a 2012 ya gano manya kimanin miliyan 4.5 na amfani da taba, kuma kusan rabin masu shan sigari sun yi yunƙurin dainawa a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Galibinsu su kaɗai suke wannan kokawa, alhali nikotin ba ya sakin mutum da niyya kawai. Kwanakin farko na zuwa da ƙunci, saurin fushi da rashin barci, kuma a nan ne da yawa ke komawa ruwa.

A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan jinyar masu son daina taba. Ta ce gajeriyar shawara daga ma'aikacin lafiya, daga daƙiƙa 30 zuwa minti uku, tana da tasiri, musamman idan aka haɗa da magani irin su cingam ko filastar nikotin. Wannan aiki ne da mai harhaɗa magunguna zai iya yi yana tsaye a kantinsa: ya tambayi mai neman maganin tari ko yana shan taba, ya taimaka masa ya tsayar da ranar dainawa, ya ce ya dawo bayan mako guda. Ingila ta shigar da kantunan magani cikin irin wannan hidima tun 2022, inda suke ci gaba da kula da waɗanda suka fara dainawa a gadon asibiti.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Ƙwararrun masu harhaɗa magunguna sun fi taruwa a manyan birane. A ƙauyukan Jigawa ko Zamfara, mai kemis ne likitan farko. Duk horon da ya tsaya a Abuja da Legas, bai kai ga masu kemis da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ke ba lasisi ba, zai tsallake talakan da ya fi buƙata.

Akwai kuma batun kuɗi. Kanti da ciniki yake rayuwa, shawara kuwa ba ta shiga aljihu. Magungunan nikotin sun fi ƙarfin lebura, kara ɗaya na sigari kuwa yana nan a teburin mai shayi duk da hanin doka. Idan ba a biya mai kanti ladan lokacinsa ba, aka kuma sauƙaƙa farashin maganin, horon zai ƙare a takardar shaida da ke rataye a bango.

Dokar 2015 ta tanadi asusun yaƙi da shan taba, gwamnati kuma na karɓar haraji daga kamfanonin sigari. Tambayar da ya kamata matasa su riƙa yi wa 'yan majalisarsu a lokacin kasafin kuɗi ita ce: nawa ne daga cikin kuɗin nan ke komawa ga wanda ke son ajiye karan ƙarshe?